AKAWU DA MASINJA: MUTANEN DA KE RIƘE DA TAKARDUNMU

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon ma'aikacin rajista da ya yi ritaya, ya gabatar a taron da aka yi a Kagarawal. Mun buga shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, in ban da ɗan gyara nan da can.



Malam Shugaba, ranka ya daɗe. Mai Unguwa, Allah ya ƙara girma. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke zaune can baya, sannunku da fitowa. Matasa kuma da suka shimfiɗa tabarmi suka jera kujerun nan tun da hantsi, Allah ya yi muku albarka.

Shugabannin ƙungiya sun ce in yi magana a kan ƙananan ma'aikatan ofis, wato akawu, da mai buga tafireta, da sakatare, da masinja, da kashiya, da mai ba da kati a asibiti, har zuwa kan mai shara da maigadi. Kalmar nan ta "ƙananan" ba tawa ba ce, ta gwamnati ce, domin ita ta jera ma'aikatanta a kan matakin albashi daga na 1 zuwa na 17, ta ajiye waɗannan bayin Allah a can ƙasa. Na karɓi wannan aiki da hannu biyu saboda a cikinsu na yi rayuwata, kuma na daɗe ina jin yadda ake ambatonsu a majalisunmu. In mutum ya je ofis buƙatarsa ta biya, sai ya dawo yana cewa Darakta mutumin kirki ne. In ba ta biya ba, sai ya ce ai 'yan iskan akawunan nan ne suka ɓoye masa fayil. Yabo na oga, zagi na akawu. To, yau ina so mu ɗan juya abin.

Zan fara da abin da ya shafe mu, mu mazauna wannan unguwa. Yawancinmu nan iyayenmu ko kakanninmu zuwa suka yi. Wani daga ƙasar Kano, wani daga Katsina, wani Haɗeja, wani Sakkwato, wani ma daga Damagaram ko Maraɗi. Auduga da gyaɗa da fatauci suka jawo su, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963. Mutanen gari sun karɓe su, an yi auratayya, an zama ɗaya, alhamdu lillahi. Amma akwai wani abu guda da ya kamata mu riƙa tunawa. Mutumin da kakan kakansa ya sari daji a wuri, in aka yi jayayya a kan gonarsa, akwai tsofaffi goma da za su tashi su ce ga iyakar nan, daga tsamiyar can zuwa bakin rafi. Kai da mahaifinka ya sayi fili da kuɗinsa, wa zai tsaya maka? Wanda ya sayar ya rasu, shaidu biyu sun rasu, na ukun ya koma garinsu. Abin da ya rage maka takarda ce. Takardar nan kuwa ba Kwamishina ke ajiye ta ba, ba kuma Babban Sakatare ba. Tana hannun wani akawu da ko sunansa ba ka sani ba, a cikin wani ɗaki mai ƙura wanda fankarsa ta daɗe da mutuwa. Saboda haka in akwai mutanen da ya wajaba su san darajar akawu a garin nan, to mu ne.

Aikin nan kuma ba Bature ya kawo mana shi ba, kada matasa su ɗauka haka. Malamai suna wurin nan, su ne za su fi ni bayani, amma kowa ya san aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ta umarci marubuci ya rubuta da adalci, kuma ta hana a cutar da shi. Zaidu ɗan Sabitu marubucin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma shi aka ɗora wa tattara Alƙur'ani a zamanin Sayyidina Abubakar. A ƙasarmu ta Hausa kowace fada tana da magatakarda. A Sakkwato gidan Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ke riƙe da wasiƙun da ke kai da kawowa tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan da ke ƙarƙashin tuta, har da gidan Buba Yero na nan Gombe. Da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, har wani Bature mai suna Backwell ya fassara waɗansu ya buga su a 1927. Wato ke nan tun kafin a san tafireta a ƙasar nan akwai masu karɓar wasiƙa, su karanta, su ba da amsa, su adana.

Abin da Bature ya kawo shi ne fayil da lamba da kwafi uku. Da farko ma bai sami 'yan Arewa masu boko da za su yi masa wannan aiki ba, sai ya ɗebo akawuna daga Ikko da Gwalkwas da Saliyo. Ita kanta kalmar "akawu" daga bakin Yarabawa muka are ta, ma'anarta mai rubutu. Sannu a hankali aka fara horar da namu. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909. Aka kafa baitulmali a kowace En'e, aka sami ma'aji da malaman haraji da na jangali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Kongo ta Zariya, wadda ta girma ta zama cibiyar koyon aikin mulki, daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Ga mai raina wannan aiki, bari in ba shi misali ɗaya. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero aikin akawu ya fara yi a banki, sa'an nan ya koma En'e ta Kano, ya kuma je wannan makaranta ta Zariya, kafin ya zama Wakilin Doka, ya zama jakada a Senegal, ya hau gadon sarauta a 1963. Kujerar da kuke gani a bakin ƙofar ofis, sarki ya taɓa zama a irinta.

Yanzu bari in shigar da ku cikin rajista, tun da yawancinku iyakarku taga.

Idan ka kawo takardar koke ko ta neman wani abu, masinja ko akawun karɓa shi zai fara amsarta. Zai buga mata hatimi mai kwanan wata, ya shigar da ita cikin babban littafin wasiƙun da suka shigo, ya ba ta lamba. Daga nan a nemo fayil ɗin da ya dace da ita, in babu a buɗe sabo. A huda ta, a zura mata zare, a rubuta lambar shafi a kusurwa da jan biro, domin in wani ya zare shafi ɗaya a gane. Sai a rubuta a bangon fayil wurin wanda za a kai wa, a kuma rubuta a wani littafin dabam cewa fayil mai lamba kaza ya fita ranar kaza zuwa ofishin wane. Masinja ya ɗauka ya kai, a sa masa hannu. Ogan ya yi ɗan rubutunsa na layi biyu, ya tura wa na gaba. Haka fayil zai yi ta yawo, tebur biyar, tebur bakwai, kuma kowane motsi da ya yi sai an rubuta. Ranar da ka dawo ka ce ina maganata ta kwana, akawun da ya buɗe littafi ya ce maka tana teburin wane tun ranar Talata, to wannan amsar da ya ba ka cikin minti biyu, aikin wata guda ce ta tsare. Ba a ganin wannan aiki sai ranar da ba a yi shi ba.

Masu buga tafireta kuwa, kai jama'a, waɗannan sun sha wuya. Matasan yanzu da ke goge kuskure a kwamfuta da yatsa ɗaya ba za su gane ba. Ana jera farar takarda uku ko huɗu da takardar kaban a tsakaninsu, a ɗaura a kan Olympia ko Imperial, a yi ta bugu da ƙarfi domin rubutun ya fito har kwafin ƙarshe. Harafi ɗaya ya kuskure a wasiƙar da Babban Sakatare zai sa wa hannu, sai a sake daga farko. In sanarwa ce da za a raba wa mutum ɗari, sai a buga a kan sitansil, a kai wa injin Gestetner, a yi ta juya hannu, tawada ta ɓata riga. Sakatarorin manya kuma sai sun iya gajeren rubutun nan na Pitman, wanda wani Bature ya ƙirƙiro a Ingila tun 1837, oga yana magana suna ɗauka da sauri kamar mai zanen tsutsa. Mata da yawa ta wannan ƙofa suka shiga aikin gwamnati a Arewa, a lokacin da ake yi wa macen da ke zuwa ofis kallon banza. Sun ciyar da gidaje, sun biya kuɗin makarantar ƙanne. Kuma sun riƙe sirri. Mai buga tafireta ta san wanda za a ƙara wa girma da wanda za a kora mako guda kafin su kansu su sani, ta haɗu da matansu a gidan biki, ba ta ce uffan ba. Yau duk wanda ya je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ya nemi fayilolin Lardin Bauci, abin da zai karanta a kan Gombe da Dukku da Nafaɗa, yatsun irin waɗannan mutane ne suka buga shi, ko da yake sunan Razdan ko Di'o ne a ƙasan takardar.

Akwai wani lissafi da nake so ku yi tare da ni. Ku ɗauki mutumin Gombe da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka aiki a 1965. Fayil ɗinsa a Kaduna aka buɗe shi. A 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, muka faɗa Jihar Arewa maso Gabas, fayil ya nufi Maiduguri. A 1976 Janar Murtala ya ƙirƙiro Jihar Bauci, fayil ya sake ɗaura kaya. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Abacha ya ba mu Jihar Gombe, fayil ya hau mota ya biyo ta Dindima da Alkaleri ya iso gida. A shekarar 2000 mutumin nan ya cika shekara 35 yana aiki, ya zo neman fansho da garatuti. Abin da za a fara tambayarsa shi ne takardar ɗaukarsa aiki ta farko, da ta tabbatar da shi, da ta kowane ƙarin girma. Hedikwata huɗu, shekara 35, ga gara, ga ɗigar ruwa, ga ɓera. In aka buɗe fayil aka tarar da takardun nan cif, to ku sani akwai akawuna wajen goma da ba su san juna ba, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya, kowannensu ya karɓi amanar nan ya miƙa wa na gaba. Tsohon zai karɓi kuɗinsa ya yi wa Gwamna addu'a, kuma ba laifi. Amma su waɗancan fa?

Mu da muka ga dawowar 1996 da idonmu ba za mu manta ba. Group Captain Joseph Orji shi ne Kantoman farko, sunansa na cikin littattafan tarihi, kuma ya cancanta. Sai dai jiha ba ta tsayuwa da sanarwar rediyo. Ofisoshi ba su wadata ba, tebur ɗaya mutum uku, fayiloli a ɗaure da igiya an tara su a ƙasa kamar damman dawa. Akawuna da masinjoji su suka zauna a kan tabarma suna warewa, wannan na ma'aikatar ilimi, wannan na lafiya, wannan na ƙasa da safiyo, domin a sami biyan albashi a kan lokaci. Waɗansunsu iyalinsu na Bauci, su suna kwana a ɗakin aboki a Jekadafari ko Tudun Wada. Ban taɓa jin an sa wa ko lungu sunan ɗayansu ba.

Mu dawo nan gida Kagarawal. Ba sai na gaya wa kowa abin da kwari ya yi mana ba. Mun ga gidajen da ruwa ya ci gindinsu, mun ga mutanen da suka kwana a tsaye in hadari ya haɗu. Da aka zo aikin gyaran kwarin da ya taso daga wajen Jami'ar Jiha ya biyo ta Malam Inna zuwa nan, a ƙarƙashin shirin NEWMAP mai tallafin Bankin Duniya, abin da ido ya gani shi ne katafila da siminti da injiniyoyi masu hular kwano. Amma duk aikin da zai taɓa gidajen mutane, kafin katafila ta motsa sai an bi gida gida an rubuta suna, an auna, an ɗauki hoto, an buɗe wa kowa shafi. Wanda ya riƙe biro a ranar, in ya tsallake layi ɗaya, gida guda ya shiga uku. Haka nan maganar filaye. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar cikin birni tana hannun Gwamna ne a matsayin amana, kuma gwamnatin Inuwa Yahaya da ta hau a 2019 ta kafa hukumar GOGIS domin a mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta. Abu ne mai kyau. Amma kwamfuta ba ta san filin kowa ba. Abin da ke cikin tsohon fayil shi wani yaro ko yarinya za su zauna su shigar, shafi bayan shafi. Akawu bai mutu ba, tafiretarsa ce aka canja masa.

Kuma a wannan zamani kuskurensa ya fi na da tsada. Da can in an rubuta Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, Mamman a ta uku, ba wanda ya damu, an san mutum ɗaya ne. Yanzu akwai lambar BVN ta banki da aka fara a 2014, ga lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda hukumar JAMB ta wajabta wa masu neman shiga jami'a tun 2021. Harafi ɗaya ya bambanta, ko ranar haihuwa ta saɓa, sai na'ura ta ce ba kai ba ne. Yaro ya rasa jarrabawar shekara, tsoho ya yi wata shida ba fansho, maniyyaci ya ga jirgi ya tashi. Mu kuma da yawanmu sunan garin kakanni muke amsawa, wani a takardar firamare ya sa sunan gari, a ta sakandare ya sa na mahaifi. Don haka in ka ga ma'aikaciyar da ke shigar da bayananka ta tsaya tana tambayarka a kan harafi, tana cewa Baba sake duba wannan, kada ka ce tana ɓata maka lokaci. Wahalar shekara biyu take ɗauke maka.

To me ake biyansu? A nan ne maganar ke da ɗaci. Tsofaffi suna tuna Udoji, ƙarin albashin da aka yi bayan rahoton 1974, lokacin da masinja ya sayi keke sabo fil da rediyo. Daɗin bai daɗe ba. A 1975 aka yi wa aikin gwamnati tankaɗe da rairaya, dubban mutane suka ji korarsu a rediyo, kuma tun daga ranar ma'aikaci ya daina yarda cewa kujerarsa za ta kai shi tsufa. A 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta zube, albashin wata ya koma na mako biyu. A 2003 gwamnatin tarayya ta kawo tsarin mayar da alawus kuɗi, wanda a sanadinsa direbobi da masu shara da masinjoji da yawa suka rasa gurbinsu, aka miƙa irin aikinsu ga 'yan kwangila. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a dokar da aka sa wa hannu a 2024, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A baki kuɗin da yawa. Amma ku da kuke zuwa babbar kasuwa kun san kwana nawa za su yi a gidan mai 'ya'ya shida, bayan an cire kuɗin Keke Napep na zuwa ofis da dawowa. Mutumin da ke kan wannan albashi shi ake ba ajiyar fayil ɗin kwangilar miliyoyi, a ce kuma kada idonsa ya yi rawa. Abin mamaki shi ne da yawansu idon bai yi rawar ba.

Na san abin da ke ran waɗansunku, domin na ga Alhaji can yana murmushi. Za ku ce Malam, kana ta yabo, ba ka faɗi masu cewa "a dawo gobe" ba, da masu cewa fayil ya ɓata sai an ba da na goro ya fito. Akwai su, ban musa ba. Na zauna da irinsu a wani ofis da ba zan ambata ba, na ga mutumin da ke zaune a kan fayil ɗin marayu, a zahiri fa, ya sa shi ƙarƙashin matashin kujerarsa, yana jiran a zo a gan shi. Wannan zalunci ne, kuma talauci ba hujja ba ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wani lokacin mu ne ke tsaga bangon. Mu ne muke zuwa da takardu rabi da rabi mu ce a rufa mana asiri. Mu ne ba ma son layi, sai mu dunƙule ɗari biyar mu miƙa ta ƙarƙashin tebur domin a tsallake mutum goma da suka riga mu, waɗanda wataƙila maƙwabtanmu ne a unguwar nan. Mu ne muke neman a rage wa yaro shekaru a takarda. Ranar da ka koya wa akawu cewa aikinsa na sayarwa ne, kada ka yi kuka in gobe wanda ya fi ka kuɗi ya saye shi a kan filinka. Kuma sau da yawa "a dawo gobe" ɗin nan gaskiya ce tsagwaronta. Fayil na teburin oga, oga ya tafi Abuja taro, akawu ba shi da ikon sa hannu, ba shi kuma da ikon ya ce maka laifin oga ne. Sai ya shanye zagin da ba nasa ba.

A Amurka tun 1952 suka ware lokaci na musamman don girmama sakatarori, a shekarar 2000 suka faɗaɗa sunan ya haɗa duk ma'aikatan gudanar da ofis, ana yi ranar Laraba ta cikakken makon ƙarshe na watan Afrilu. Oga ya sayi fure da kati, ya kai su cin abinci. Ni ban ce mu kwaikwayi fure ba, akawun Gombe in ka ba shi fure zai tambaye ka ko na miya ne. Muna da namu hanyoyin, kuma sun fi nasu arha.

Gaisuwa ita ce ta farko. Mutum ya shiga ofis ya wuce masinja da ke bakin ƙofa kamar ya wuce turmi, alhali dattijo ne sa'an mahaifinsa, ya je ya durƙusa wa yaron da ke kan kujera mai juyawa. Wannan ba tarbiyyar Bahaushe ba ce. Ka yi sallama, ka ce Baba ina kwana, ka ce Malama sannu da aiki, ka tambayi sunansa ka riƙe. Sa'an nan ka je da takardunka cikakku, da kwafinsu, a cikin leda ko jaka, ba a nannaɗe cikin aljihu sun jiƙe da gumi ba. In an karɓi takardarka ka nemi a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, ka rubuta lambar fayil ɗinka ka ajiye a gida inda matarka da babban ɗanka suka sani. Akawun kirki yana jin daɗin wannan, domin ka sauƙaƙa masa nema.

Sai abu na gaba, wanda na fi so ƙungiya ta ɗauka da muhimmanci. Mun iya rubuta takardar ƙara, amma ban taɓa ganin mun rubuta ta yabo ba. A aikin gwamnati takardar yabo ba wasa ba ce. In ƙungiya ta rubuta wa shugaban ma'aikata ko shugaban asibiti cewa ma'aikacinku wane da ke ɗakin kati ya yi wa mutanenmu aiki da gaskiya, bai nemi ko sisi ba, wannan takarda cikin fayil ɗinsa za a zura ta, ta zauna har ranar da za a duba ƙarin girma. Kuɗinta bai wuce na takarda da ambulan ba. Ya fi ɗari biyar ɗin ƙarƙashin tebur amfani gare shi nesa ba kusa ba, kuma halal ne. Ina ba da shawara duk wanda ya gamu da irin wannan ma'aikaci ya kawo sunansa wurin Sakatare, a tara, a riƙa rubutawa ko da sau biyu ne a shekara. Yaba kyauta tukuici, in ji Hausawa.

Tun da na ambaci Sakatare, Malam Shugaba ka ba ni izini in taɓa na gida. Ƙungiyar nan tana da nata akawun. Shi ke rubuta abin da aka tattauna, shi ke riƙe littafin kuɗin wata, shi ke yawo da takardar gayyata a kan babur ɗinsa da man aljihunsa. In an yi rasuwa shi ake bugawa waya da tsakar dare a ce nawa ke cikin asusu. Ba a biyansa ko kwabo, kuma ranar da lissafi ya saɓa da naira ɗari, har masallaci sai an yi maganarsa. Littattafan da ke hannunsa su ne tarihin zamanmu a unguwar nan: wa ya zo, yaushe, wa ya ba da gudummawar gyaran makabarta, wa aka sasanta da wa a kan iyaka. A halin yanzu a cikin buhu suke a ɗakinsa. Ina roƙon a saya masa akwatin ƙarfe mai makulli kafin damina, a kuma sami matasa biyu masu ilimin kwamfuta su ɗauki hoton kowane shafi a adana a wuri na biyu.

Ku kuma matasa, na san kowa so yake ya zama likita ko lauya ko injiniya, Allah ya ba ku. Amma kada wanda ya sami gurbin karatun aikin sakatare da sarrafa ofis a kwalejin kimiyya da fasaha ya ce an wulaƙanta shi. Asibiti da kotu da banki da makaranta da kamfanin siminti na Ashaka, babu wanda zai buɗe ƙofa da safe ba tare da mai riƙe takardu ba. Mu da ba mu da yawa a cikin ofisoshi, kowane ɗanmu da ya zauna a irin wannan kujera ya riƙe gaskiya, ya zama wanda tsohuwa daga unguwar nan za ta tarar ta yi masa bayani da harshen da take jin daɗi, ya duba mata takardarta ba tare da ta ji tsoro ba. Waɗanda ke cikinmu a yau masu wannan aiki, na gwamnati da na kamfani, da waɗanda suka yi ritaya, na ƙirga aƙalla mutum bakwai daga inda nake tsaye. Malam Shugaba, in ka yarda, ina so su miƙe tsaye jama'a su gan su, sa'an nan Liman ya yi musu addu'a tare da waɗanda suka rasu a cikinsu, kafin a shiga maganar kuɗin wata.